Yaran da ba su zauna ba, ba su yi magana ba: ina hannun gwamnati a Damagaram?

Mushe Habu, Zango:
Salamu alaikum ƴan zaure. Yau a ɗan ajiye maganar ruwan famfo, ina da wata, kuma ina so majoji da ɗaliban likitanci da ke cikinmu su tanka. Tun 2006, zamanin marigayi Tandja, aka ce yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta za a duba shi a likitar gwamnati. To madalla. Amma duk wanda ya taɓa leƙa wurin awon yara ya san yadda ake yi: a rataya yaro a sikeli, a zagaya masa ma'aunin nan mai ja da ɗorawa da kore a damtse, a yi masa rigakafi, a rubuta a karne, sai wata mai kamawa. Ba mai tambayar uwar ko yaron ya fara zama, ko yana waiwayowa in an kira sunansa, ko bakinsa ya fara buɗewa. Sai ya kai shekara 6 ko 7 a turo mana shi lakol, a ajin da ko wurin taka ƙafa babu, sannan mu gane ba ya fahimtar abin da ake faɗa, ko ba ya magana sam. A lokacin kuma kyautar magani ta riga ta wuce shi. Ni a ganina, kafin a yi zancen gina wata babbar cibiya, a sa tambayoyin nan cikin karne, a wajabta yin su a kowace likita. Me kuka gani?

Ibro Kabu-kabu:
Wa alaikumus salam Mushe. Karnen da ɓeraye ke cinyewa ƙarƙashin katifa? 😂

Majo Rabi:
Mushe, ban ƙi taka ba, amma zo ka zauna kujerata ranar rigakafi cikin Satumba, lokacin da masassarar cizon sauro ta yi ƙamari. Mata tun daga baranda har gindin dogon yaro, ga rajista kala-kala, kowane proje da nasa. Tambayoyin ba za su ci minti biyu ba, na sani. Abin da ke ɗaure mana baki shi ne, in na gano yaro na da matsala, uwar ina zan tura ta? Na ce wa mace ɗanki wata tara bai riƙe wuya ba, akwai matsala, abin da za ta ce shi ne "to Majo me za a yi?" Sai in rubuta mata takarda zuwa Zinder, ita kuwa ko kuɗin mota sai an sayar da akuya. Ta zo Zinder a ce sai Yamai, kusan kilomita 900. Na tayar mata da hankali kawai, ban ba ta komai ba.

Maman Halifa:
Majo, ki yi haƙuri, nan kam ban yarda da ke ba. Ki faɗa mana ko da ba ki da magani a hannu. Ni na san abin da rashin faɗin ya ja mini.

Halifa lafiya lau na haife shi, ya yi kuka, ya kama nono. Kin san yadda muke, mai jego tana ɗaki, an rufe taga, an sa labule, ga garwashi a kasko. Cikin duhun nan wa zai ga idon jariri ya yi ɗorawa? Da aka lura aka ce shawara ce, aka kawo jiƙo. Kafin suna ya daina tsotso, yana wani kuka mai tsini, yana banƙarewa ta baya. Da muka kai shi aka sa shi ƙarƙashin fitila, ya rayu, aka sallame mu, ba wanda ya ce mini in sa ido a kan komai. Ya shekara bai zauna ba. Daga nan fa aka fara: wannan ta ce ɗan ruwa ne, waccan ta ce musanya aka yi mini, wata ta ce na yi wanka da magariba ina da ciki. Hayaƙin da aka yi wa yaron nan, da kuɗin da muka zuba, Allah kaɗai ya sani. Ƴan kunnena na aure a nan suka tafi. Sai da ya kusa shekara 3 wani lokotoro ya dube shi ya ce shawarar nan ce ta taɓa ƙwaƙwalwa, ba za ta ƙaru ba, ba za ta koma ba, amma motsa jiki zai taimaka. Wallahi ranar na yi kuka, amma daga ranar na daina yawon neman magani, kuma na samu abin da zan faɗa wa dangin miji.

Majo Rabi:
Allah ya ba shi lafiya, Maman Halifa, ya saka miki da alheri. Na ji.

Nafisa, ɗalibar likitanci:
Yaya Maman Halifa, abin da kika faɗa shi ne ainihin abin da ake koya mana. Kuma jama'a, yaran nan da ake tarawa wuri guda ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Akwai irin na Halifa, inda ƙwaƙwalwa ta samu rauni da wuri har gaɓoɓi suka sandare ko suka saki. Doguwar naƙuda na kawo shi, in jariri ya fito bai yi kuka ba, haka shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau, da masassarar da ta hau kai har yaro ya suma. Da yawansu hankalinsu garau yake, jikin ne ba ya bin umarni. Akwai ciwon Down, wanda tun daga halitta ne, ƙwayar gado ta 21 ta zo uku maimakon biyu, kusan haihuwa 1 cikin 1000, kuma kusan rabinsu na zuwa da matsalar zuciya, shi ya sa ya kamata a saurari ƙirjinsu da wuri. Sai otizim, wanda wasu ke kira galahanga: yaro ya yi tafiya a kan lokaci, jiki lafiya, amma ba ya haɗa ido, ba ya nuna abu da yatsa don ki kalla, ƙara kaɗan ta firgita shi, yana ta maimaita abu ɗaya. Hukumar lafiya ta duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100. Wani kuma duk ba wannan ba ne, kunne ne kawai ba ya ji, an bar shi ana ce masa dolo. Kowanne da abin da ake yi masa. In ba a bambance ba, duk hayaƙi ɗaya za a yi musu.

Alhaji Ɗan Tanut:
Ni dai ku bar ni in faɗi abin da ba a so. Ƙasa tana cikin yaƙi. Ana kashe sojoji a Tillaberi da Difa, ga tamowa, ga ambaliya duk damina. Kuna son gwamnati ta ɗebi kuɗi ta kai wa ciwon da ku da bakinku kuka ce ba ya warkewa? A fara ceton wanda zai mutu gobe. Wannan aikin ƙungiyoyin turawa ne, su suka saba.

Lawali, daga Yamai:
Ranka ya daɗe Alhaji, ƙungiyoyin turawan ne fa ba su da tabbas. Ka ga yadda Amurka ta yanke tallafinta a 2025, rana ɗaya ayyuka suka tsaya a ƙasashe da dama. Kuma maganar ba ta alfarma ba ce, gwamnati da hannunta ta ɗaukar wa kanta. Tun 1993 akwai dokar kare naƙasassu a Nijar. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙinsu. A Disamba 2019 aka sake yin wata doka kan shigar da su cikin al'umma, ga kuma kashi 5 cikin 100 na guraben aiki da aka ce nasu ne. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin 100 na ƴan ƙasa na da wata naƙasa. Matsalar ita ce, in aka ce naƙasasshe, hankalin kowa yana zuwa kan makaho da kurma da gurgu, domin su suna da ƙungiyoyi, suna da sarakunansu, suna iya zuwa ofis su buga tebur. Yaron da ba ya magana wa zai buga masa? Uwarsa tana gida tana goye da shi.

Alhaji Ɗan Tanut:
Doka a takarda ai ba ta sayen magani, Lawali.

Lawali, daga Yamai:
A nan kam mun haɗu. Shi ya sa ma nake jin tsoro in aka ce a ƙara wa'adin kyautar da Mushe ya ambata ya wuce shekara 5. Kyautar 2006 ɗin kanta, masu bincike na LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa a Yamai, sun bi ta sun nuna yadda gwamnati ke jinkirin mayar wa likitoci kuɗinsu, har farmasi ya koma fayau, a duba yaro kyauta a miƙa wa uwa ordonans ta je waje ta saya. A 2024 an rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi, aka ce haihuwa kyauta, abin a yaba ne, amma tambayar tana nan: wa ke cike gurbin? A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, mu ba mu kai can ba. In za a nemi wani abu, a nemi layi a cikin kasafi da sunan yaran nan, ba sanarwa a rediyo ba.

Mushe Habu, Zango:
Ban ce sanarwa ba Lawali. Amma ka lura, Alhaji yana maganar kuɗi kamar mun ce a sayo jirgi. Tambaya a karne nawa take ci? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Majo Rabi:
Alhaji, bari in ba ka misali da farfaɗiya, don yawancin yaran nan suna haɗawa da ita. Kusan 7 cikin 10 na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in suna samun magani daidai. Fenobarbital tsohon magani ne, yana cikin mafi araha. Amma sai a sha kullum, in aka yanke kwatsam faɗuwar na iya dawowa fiye da da. Na ga yarinya da ta yi watanni ba ta faɗi ba, har an mayar da ita lakol, maganin ya yanke, ta faɗa murhu tana dama kunu. Hannunta na dama ya ƙone har gwiwa. Kuɗin jinyar ƙunar nan ya ninka na maganin shekara. To wanne ne ceton wanda zai mutu gobe?
Kuma don Allah jama'a, in mutum ya faɗi kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa. A kwantar da shi ta gefe, a janye wuta da duk abin da zai ji masa rauni. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo.

Malam Mutari, Birni:
Na ga ana ta ambaton hayaƙi, ina so a bambanta. Addu'a da tofi na Alƙur'ani ba su hana zuwa likita, hadisi ne a Buhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kore ta ba, bai ce a ɗaure ta ba, ya yi mata bushara da Aljanna a kan haƙurinta, ya roƙa mata kada tsiraicinta ya riƙa buɗewa. Amma wanda zai ce wa uwa ɗanki ba mutum ba ne, a kai shi bakin tafki a ajiye ya koma wurin danginsa, wannan ba malami ba ne, kuma in yaron ya mutu kisan kai aka yi. Ni abin da zan ƙara: kada a jingina komai ga gwamnati. Attajiran garin nan suna fitar da zakka. Uwar da ta bar sana'arta saboda jinyar ɗa, ai tana cikin masu haƙƙi.

Maman Halifa:
Allah gafarta Malam, da za ku faɗi wannan a huɗubar Juma'a da ya fi. Mu mata mun ji, mazan ne ke sakin uwa su ce daga danginta ne.

Ibro Kabu-kabu:
To ni tambaya gare ni, kada a zage ni. Wani fasinja ya nuna mini bidiyo a waya, wai allurar rigakafin nan ce ke sa yara su daina magana. A da ai ba mu san wannan ciwo ba.

Nafisa, ɗalibar likitanci:
Ba mai zaginka Yaya Ibro. Zancen ya samo tushe daga wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, da ya buga rahoto a 1998 a kan yara 12 kacal. Daga baya aka gano maguɗi a ciki, mujallar ta janye rahoton a 2010, aka kuma soke masa izinin aikin likita. An bi dubban ɗaruruwan yara a Danmak da wasu ƙasashe, ba a ga alaƙa ba. Abin da ke rikita iyaye shi ne alamomin otizim sukan fito fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, daidai lokacin da ake yawan zuwa rigakafi. Kuma a da akwai su, tambayi tsofaffi, kowace unguwa da wanda ake ce wa wawan gidan wane.
Mu nan ma rashin rigakafin ne ke naƙasa mana yara. Ka tuna sanƙarau na ƙarshen 2022 zuwa 2023 a jihar nan, wajen Dungas da Magarya da Matamai? Cikin waɗanda suka tsira daga irin wannan sanƙarau, kusan 1 cikin 5 na fita da tabo: kurumta, farfaɗiya, ko raunin fahimta.

Ibro Kabu-kabu:
To na ji. Amma fasinjan ya riga ya sauka 😅

Alhaji Ɗan Tanut:
Yauwa, ga shi Nafisa ta faɗa da bakinta. Rigakafi, gidan sauro, maganin damina da ake bi gida-gida ana ba yara, ungozoma mai ilimi, fitilar shawara a kowace likita. Nan ya kamata kuɗin ya tafi, a tare abin tun daga sama. Amma in bincike za a ce a yi a kan yaran nan, na me? A tara ƴan boko a otel a ci kaji a raba ambulan?

Nafisa, ɗalibar likitanci:
Baba Alhaji, kan tarewa ba mu da saɓani ko kaɗan. Amma ko an tare duka, Down da otizim za su ci gaba da zuwa, a Faransa ma ana haihuwarsu. Binciken da ake buƙata kuwa ba na otel ba ne. Lissafin 1 cikin 100 ɗin nan, hukumar da kanta ta ce a ƙasashe matalauta da yawa ba a san adadin ba. Ministan kuɗi ba zai ware wa abin da ba a ƙirga ba ko dala. Sannan takardar tambayoyin da ake gwada yara ƴan wata 16 zuwa 30 da ita, a Amurka aka tsara ta. Sai an mayar da ita Hausa da Barbarci da Fulatanci an gwada a nan. Misali ana tambaya ko yaro na kallon mutum cikin ido. Mu kuwa yaro na tasowa ake koya masa sunkuyar da kai gaban babba, uwa mai kunyar ɗan fari ma ba za ta ce tana zama tana wasa da shi ba, sai dai a tambayi kaka ko yayar da ke goyonsa. In ba a gyara wannan ba, za a ce mai lafiya ba shi da lafiya, a bar mai ciwon ya wuce.
Muna da cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai da ta daɗe tana aiki kan sanƙarau da masassara. Muna da sashen likitanci a Jami'ar André Salifou a nan garin, kowane ɗalibi sai ya rubuta kundin kammalawa. Dubban yara ake kwantarwa a sashen yara na Magarya duk damina, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke taimakawa. A ba ɗalibai ɗan kuɗin mai su bi sawun waɗanda aka sallama bayan suma ko tamowa mai tsanani, a ga nawa suka yi tafiya, nawa suka yi magana bayan shekara. Wannan ma bincike ne.

Lawali, daga Yamai:
Kuma Majo, kan tambayarki ta "ina zan tura ta", akwai tsarin da hukumar lafiya ta duniya ta fitar na horar da iyayen yara ƴan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma. Zama 9 ne a rukuni, da ziyara 3 a gida, kuma ba sai ƙwararren likita ba, majo ko ma'aikacin unguwa da aka horar zai iya jagoranta. An gwada shi a Habasha da Kenya. Ana koya wa uwa yadda za ta shigar da koyon magana cikin wanka da cin abinci da wasa. Wannan gwamnati za ta iya ɗauka ba tare da ta aza bulo ko ɗaya ba.

Majo Rabi:
In za a horar da mu a kuma rage mana rajista, ni ce ta farko. Amma kada a ƙara mana aiki a kan aiki a ce sadaukarwa.

Mushe Habu, Zango:
Mu ma haka. Ana ce mana kowane yaro a karɓe shi a aji, ba a koya mana ko yadda za mu zaunar da mai firgita da hayaniya ba. Kurame suna da lakol tasu a garin nan, waɗannan fa?

Maman Halifa:
Ni dai abin da ya canza mana rayuwa ba babba ba ne. Wata mai gashin ƙashi ta nuna mini yadda zan ciyar da shi. Da a kwance nake ɗura masa kunu yana shaƙewa, kullum tari da ciwon ƙirji. Ta ce in zaunar da shi tsaye, haɓarsa ta ɗan sunkuya, kunun ya yi kauri, ƙaramin cokali, in jira ya haɗiye kafin in ƙara. Ta zana mini kujera a takarda, na kai wa kafinta kusa da kasuwar Dole, ya yi ta da katako da soso, da ɗan turke tsakanin cinyoyi don kada ya zame, da tebur a gaba. Yanzu yana zama a tsakar gida yana kallon ƙannensa, in an yi abin dariya shi ke fara yi. Shekararsa 8, ya yi mini nauyin goyo, kuma kowane zuwa gashi sai na biya, ga kuɗin adaidaita. Shi ya sa zuwan ya ja baya.

Alhaji Ɗan Tanut:
Kan gwamnati ina nan a kan bakana, ba na sa rai. Amma kujera kam ba sai an jira minista ba. Maman Halifa, ki sa maigidanki ya neme ni a shago. In akwai wasu yaran a unguwarku a haɗa, zan sa a kawo kekunan guragu daga Kano.

Maman Halifa:
Allah ya saka da alheri Baba Alhaji, ya ƙara buɗi. Amma kada a sayo keken manya, yaron zai lanƙwashe a ciki, kuma ƙananan tayoyin gaba ba sa tafiya cikin rairayin lungunanmu. A fara auna kowane yaro tukuna. Mu huɗu ne da na sani a layinmu da na bayanmu, yarinya ɗaya ma ba a fitowa da ita, sai na shiga na lallashi kakarta.

Majo Rabi:
Asabar ina gari. Ki tanadi tef ɗin tela, kuma kowace uwa ta zo da karnen ɗanta, ko da ɓeran Ibro ya ci rabi.